Ƙannena, kafin ku miƙa hannu a ɗebi jini don alerji

Shekara uku na yi ina fama da atishawa da ƙaiƙayin ido a Tawa. Kullum da asuba hanci a toshe, majina na zuba. Kowa ya ce ƙurar hunturu ce. Da na gaji, na hau mota sai Yamai, na faɗa wani labo ban ga likita ba, na ce a auna mini jini don alerji, wato ciwon da ke tasowa in jiki ya ƙi wani abu.

Abin da aka auna shi ne jimillar IgE, sinadarin kariyar da jiki ke ƙerawa. Lambar ta fito sama sosai. Na dawo gida a firgice, na sa aka fitar da kyanwarmu don ina zaton ita ce sanadi, ɗiyata tana riƙe da ita tana kuka. Har yau abin yana cina. Ashe a ƙasa irin tamu, tsutsar ciki ko tsargiya kaɗai suna iya ɗaga wannan lamba ga wanda ba shi da alerji ko kaɗan, kuma jimillar ba ta nuna abin da jikinka ya ƙi.

Likitar da na gani daga baya ba ta fara da allura ba. Ta ce, "Malam, yaushe ya fi tsananta?" Na ce da dare, kuma da damina ya fi muni. Sai ta rubuta IgE na musamman, wanda ake auna kowane abu shi kaɗai: ƙwarin ƙurar ɗaki, kyankyaso, gashin kyanwa, garin furen ciyawa. Galibi in lambar ta kai 0.35 kU/L (ma'aunin yawan IgE a jini) ake cewa jiki ya san abin, amma ko ta haura, ba a cewa alerji ne sai ta dace da abin da kake ji. Nawa ya nuna ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani. Kyanwa ba ruwanta.

Na ƙara wani kuskuren: na sake gwajin a wani labo, na kwatanta lambobin. Injuna sun bambanta. Injunan awo irin ImmunoCAP da Immulite suna iya ba da lamba daban a jini ɗaya. Ku tsaya wuri guda. In gwajin fata za a yi muku, minti 15 ya isa, amma sai an dakatar da maganin ƙaiƙayi irin cetirizine kwanaki kafin nan. Na jini ba ya buƙatar haka.

Yanzu duk mako ina wanke zanen gado da ruwan zafi, in shanya katifa a rana. Asuba tana yi ina numfashi da hanci.