Kafin ka sauya rim ɗin motarka, juya shi ka karanta bayansa

Saurayi in ya mallaki motarsa ta farko, abin da ke fara tsone masa ido shi ne rim. Ban ga laifinku ba, ƙannena, rim mai kyau yana ɗaga mota ko da fentinta ya koɗe. Sai dai fuskarsa kawai kuke kallo, alhali abin da zai gaya muku ko zai zauna lafiya a motar yana baya, an buga shi a jikin ƙarfen.

Fara da ramukan noti. In ka ji an ce 5x114.3, ana nufin ramuka 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3, irin na Camry da Accord. Mercedes 5x112 ne, tsofaffin BMW kuma 5x120. Tsakanin 112 da 114.3 ido ba ya rabewa, kuma mai son ya sayar zai iya matsa notin ya shiga da ƙarfi. Noti a karkace kuwa yana gajiyar da kusar da ke riƙe da taya, wata rana ta karye kana tsakiyar gudu.

Ni ramukan na ƙirga, na ga sun yi daidai, na biya kuɗi ina murna. Ban ko kalli babban ramin tsakiya ba. Cibiyar da rim ke zama a kai a motata milimita 60.1 ce, kamar yawancin Toyota, sabon rim ɗin kuma 73.1, domin masu ƙera na kasuwa suna buɗa ramin don ya shiga motoci da yawa. Da na hau babbar hanya sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Na yi ta kai wa ana balansin, na zargi tayoyi, na zargi mai gyaran, har wani dattijon makanike ya cire taya ɗaya, ya zura ɗan yatsansa a ratar da ke tsakanin cibiya da rim, ya dube ni bai ce uffan ba. Maganin ashe wani ɗan zobe ne na roba ko alminiyam da ke cike ratar, mafi arha a duk abin da na saya.

Sai lambar da ke bin haruffan ET, misali 7Jx17 ET45. Ita ke nuna ko rim zai lafe ciki ko ya turo waje. In lambar ta yi ƙasa da ta asali sosai, taya za ta leƙo waje, ta riƙa gogar jikin mota da zarar an cika kujerar baya, boris kuma ya riƙa saurin mutuwa. In ta yi sama, birki ko shokozoba zai taɓa.

Maganar girma ita ce inda son burgewa ke cin mutum. Ƙa'idar ita ce tsayin taya gaba ɗaya ya tsaya kusa da na kamfani. Taya mai lamba 205/55 R16, wato ta rim mai inci 16, tsayinta kusan milimita 632 ne. In ka koma inci 17, 225/45 R17 ce daidai da ita, 634. In ka kauce da yawa, mitar gudu za ta riƙa yi maka ƙarya. Amma duba abin da ka rasa: kaurin robar gefe ya sauko daga kusan milimita 113 zuwa 101, a inci 18 kuma 90. Wannan robar ce ke shanye dukan rami. A ganina ƙarin inci ɗaya ya ishi motar da ake hawa kullum.

Tsofaffin rim ɗina a ranar na sayar da su, saboda ina so in rage zafin kuɗin da na kashe. Hausawa sun ce don ka ga hadari kada ka zubar da ruwan tulu. Da ɗaya daga cikin sababbin ya lanƙwashe a rami, ba ni da abin mayarwa, kuma neman guda ɗaya tak mai irin zanensa ya zama aiki, samfurin ya ƙare a kasuwa. Na'urorin auna iskar taya ma sun tafi a cikin tsofaffin, fitilar gargaɗi ta kunnu ta ƙi mutuwa. Ka ajiye naka har sababbin su sha hanya, ka sake ɗaure noti bayan kilomita 50 zuwa 100, ka kuma gwada ko notin da ka saya yana kama tayar safaya, don mazaunin noti ba iri ɗaya ba ne, akwai mai tsini, mai zagaye da shafaffe.

In lokacin sayarwa ya yi, ka sayar da huɗun tare, da marafensu na tsakiya da notinsu. Uku ba su da kasuwa. Wanke su tas, ɗauki hoton gaba da baya yadda lambobin za su karantu, ka rubuta motocin da suke shiga. In da tayoyi a jiki, faɗi shekarunsu: lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, kamar 2321, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wanda aka taɓa buga shi ya miƙe ko aka yi masa walda, nuna wa mai saye wurin da hannunka, ka rage masa kuɗi. Mai tsagewa kuwa kada ya koma kan motar kowa, a kai shi wurin masu sayen ƙarfe a auna.