Kartar da ta raba 'yata da ƙirgen yatsu

'Yata tana aji uku a firamare amma in ka ce mata 8 da 7 nawa ne sai ta tura hannu cikin hijabi tana ƙirga yatsu, abin yana damuna wallahi, dan na san ba kai ne babu ba, tsoron kuskure ne kawai. A hutun da ya wuce na gwada mata wani tsohon wasan karta na mutanen Sifen, sunansa Escoba wato tsintsiya, asalinsa daga Scopa na Italiya. Kartarsu 40 ce, ni kuwa sai na ɗauko tamu ta kasuwa na cire masu hoton nan J da Q da K, ya rage 1 zuwa 10, arba'in cif.

Kowa a ba shi kati uku, a baje huɗu a tabarma. In layi ya zo kanka ka ajiye ɗaya, in ya haɗu da na ƙasa suka ba da 15 ka kwashe abinka, in ka share tabarmar tas to ka yi tsintsiya kenan, maki ɗaya.

Hajiya tana ganinmu ta ce "au, caca zaka koya wa jikokina?" Na ce Hajiya ko sisi ba a sawa, zauna ki gani. Ta zauna, bata sake magana ba.

Inda na yi kuskure shi ne gaggawa. Da farko a buɗe muke riƙe katin, sai in ga 6 da 2 a ƙasa ga 7 a hannunta in yi caraf in nuna mata, kwana uku muna yi ni kaɗai nake lissafin ita kwasa kawai take. Sai na kame bakina ko da za ta yi minti biyu tana kallon tabarma, na kuma sa doka duk mai kwasa ya faɗa da baki, shida da biyu takwas, da bakwai sha biyar. Ƙaninta ɗan shekara 6 na rage masa daga 15 zuwa 10.

Sati na uku ta ce "Baba, me ya sa in an tara katin da ya rage a tabarma a ƙarshe kullum 10 ne ko 25?" Muka tara kartar duka ta ba mu 220, na ce ta yi ta cire 15 har ta kasa. Sau 14 ta cire, hannunta a kan cinya, ta ɗago ta ce saura goma.