Godiya bayan kare kundin digirina na biyu

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta gabata na kare kundin bincikena a fannin injiniyan sadarwa a nan Jos, malamai kuma sun amince da shi.

Godiya ta farko ga malamin da ya duba aikin. Ranka ya daɗe, kai ka hana ni tsayawa kan lissafin kwamfuta kaɗai, ka ce in ɗauki eriya in shiga duwatsu in auna da hannuna. Allah ya saka da alheri.

'Yan uwa masu tambayar me nake nema a bayan duwatsu, ga shi. Zangon iska (frequency) da waya da talabijin ke aika saƙo ta kansa yana da iyaka, ga tsada: a gwanjon 5G na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a Disambar 2021, kamfanonin MTN da Mafab kowanne ya ci nasa kan dala miliyan 273.6. Amma zanguna da dama sukan zauna babu kowa a kai. Tun 1999 wani masanin sadarwa, Joseph Mitola, ya kawo shawarar na'urar da za ta kasa kunne, in ta ji zango a sake ta ara, in mai shi ya dawo ta ba shi wuri.

Wahalar tana wajen sauraron. A gefen Shere da Naraguta sigina kan bugi dutse ya rarrabu, ya iso ta hanyoyi daban-daban, wani ya kashe wani. Ka matsa taku ɗaya, allurar awon ƙarfin sigina ta faɗi. Na'urar da ke bayan dutse sai ta ji tsit, ta ɗauka babu kowa, ta faɗa wa mai zango. Shi ya sa ake son na'urori da yawa su saurara tare kafin a yanke hukunci. Wajen aikawa ma haka: hanya na da kyau a hau tsarin aika saƙo mai sauri, 64-QAM, mai ɗaukar bit (ƙwayar bayani) 6 a kowace alama, ta dusashe a sauko tsarin QPSK mai bit 2, a rage gudu don kada saƙo ya lalace.

Ƙanena, kai ka riƙe sandar eriya cikin sanyin hunturu, yatsunka sun ƙage, ba ka taɓa cewa mu koma ba. Mai shagon cajin unguwarmu da ya ƙi karɓar ko sisi, na gode. Inna, addu'arki ce. Uwargida, sannu da haƙurin dararen da fitila ba ta mutu ba.

Akwai 'yar walima a gida ranar Asabar bayan la'asar. Duk wanda ya samu hali ya zo mu yi addu'a tare.