Buster Keaton: Barkwancin da Ake Aunawa da Inci

A fim ɗin Steamboat Bill, Jr. na 1928 akwai wurin da guguwa ta taso wa wani gari, Buster Keaton yana tsaye a ƙofar wani gida mai bene yana sosa ƙeya, sai fuskar gidan gaba ɗaya ta ɓalle ta rufto masa. Abin da ya cece shi wata buɗaɗɗiyar taga ce ta saman benen, wadda ta sauko daidai inda yake tsaye. Babu dabarar kyamara a wurin. Bangon na katako ne na gaske, nauyinsa ya kai tan 2, kuma da gangan aka yi shi da nauyi haka, domin bango marar nauyi iska na iya murɗa shi ya kauce daga layinsa, kaucewar taƙi ɗaya kuwa ta isa ta yi kisa. An ɗaure gindin bangon da ƙarafan juyawa irin na ƙofa don ya faɗi ta hanya ɗaya tak, aka kafa ƙusa a ƙasa inda Keaton zai sa ƙafa. Tazarar da ke tsakanin jikinsa da katakon tagar ba ta wuce inci 2 zuwa 3 ba. Iskar da ake gani tana kwasar mutane kuwa injinan jirgin sama ne aka jera suna hura ta.

Keaton ɗan wasan barkwanci ne na Amurka a zamanin fina-finai marasa magana, kuma duk aikinsa haka yake: awo, gwaji, da ƙaramar tawaga da ta san hannun juna. Ana yawan cewa zuwan magana cikin fim ne ya kashe masa kasuwa. Ni ban yarda ba. Abin da ya karya shi shi ne raba shi da tawagarsa da tsarin aikinsa, kuma tarihinsa ya nuna haka ƙarara.

An haife shi ranar 4 ga Oktoba, 1895, a wani ƙauye mai suna Piqua a jihar Kansas, iyayensa Joe da Myra suna kan hanyar yawon wasa. Sunansa na yanka Joseph Frank Keaton. Tun yana ɗan shekara 5 ya zama cikakken ɗan wasa a dandamali tare da su. Wasan nasu mai tsauri ne: uban yana nuna yadda ake ladabtar da yaro mai ƙiriniya, sai ya sure shi ya jefa jikin labule, wani lokaci har cikin 'yan kallo. An ɗinka hannun akwati a bayan rigar yaron don uban ya sami wurin kamawa. Masu kare haƙƙin yara a New York sun sha kai ƙara, aka duba jikinsa ba a sami rauni ba. Sirrin, kamar yadda shi ya bayyana, shi ne mutum ya saki jiki lokacin faɗuwa, ya tare ƙasa da tafin hannu ko ƙafa kafin sauran jiki ya iso. Wanda ya sandare shi ne ke karyewa. A nan kuma ya lura cewa in ya yi murmushi bayan an jefa shi, dariyar mutane takan ragu, in ya ɗaure fuska sai ta ƙaru. Daga nan ya daina dariya a gaban jama'a, ya bar idanu da gangar jiki su yi magana.

Shan giyar uban ya sa wasan ya zama haɗari, suka watse a 1917. A shekarar Keaton ya haɗu da ɗan wasan barkwanci na fim Roscoe Arbuckle a New York, ya fito a fim ɗinsa na farko, The Butcher Boy. Ya ajiye aikin dandamali na dala 250 a mako ya karɓi na dala 40. Ya kuma nemi aron kyamara, ya kai ta masaukinsa, ya kwance ta ƙusa-ƙusa ya sake haɗawa, don ya san abin da ke cikinta. An tura shi Faransa aikin soja a 1918, inda ciwon kunne ya rage masa ji har ƙarshen rayuwarsa. A 1920 furodusa Joseph Schenck ya ba shi nasa wurin aiki a Hollywood, ya yi gajerun fina-finai 19 zuwa 1923, sannan ya koma dogaye.

Yadda suke aiki a wurin ya cancanci a tsaya a kai. Ba su rubuta labari a takarda. Keaton da marubutan dabarunsa, irin su Clyde Bruckman, Jean Havez da Joseph Mitchell, sukan tsayar da farkon labari da ƙarshensa, tsakiya kuwa sai an ga kayan aiki a fili. Ma'aikatan na albashi ne duk shekara, don haka in dabara ta ƙi zuwa, jira ba ya cin kuɗi mai yawa. Sukan fita su buga ƙwallon besbol har wani ya kawo mafita. Fred Gabourie shi ne mai ƙera kaya. A One Week na 1920 an gina gida sukutum a kan faranti mai juyawa don iska ta riƙa wulwula shi. Rubutun da ake sa wa a allo don bayyana magana kuma Keaton ya tsane shi. Ya ce fim na wancan zamani yakan ɗauki kusan guda 240, shi kuwa bai taɓa wuce 56 ba.

Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, zagaye 2 a daƙiƙa, wanda ke ba da hoto 16. Da irin wannan na'ura Elgin Lessley ya ɗauki Keaton tara a jere a kan dandamali ɗaya cikin The Playhouse na 1921. An yi wani akwati mai murfi tara aka sa a gaban idon kyamara. A buɗe murfi na farko a ɗauki Keaton na farko, a rufe, a mayar da fim ɗin baya zuwa farkonsa, a buɗe na biyu, haka har tara. Dole hannun Lessley ya juya da gudu iri ɗaya kowane zagaye, in ba haka ba hasken wani sashe zai bambanta da na maƙwabcinsa, motsin ma ba zai haɗu ba. Kuskure a na takwas yana nufin a zubar da duka a koma farko. A Sherlock Jr. na 1924, inda yake shiga cikin allon sinima wurare suna ta sauyawa a bayansa, da kayan awon safiyo aka riƙa auna nisansa da kyamara a kowane sabon wuri don tsayuwarsa ta dace da ta baya.

Har hularsa aikin hannu ce. Yakan sayi hular Stetson, ya yanke bakinta ya rage faɗi, ya danne samanta ta zama shafaffiya. Sai ya narkar da sukari cokali 3 a kofin ruwan ɗumi, ya jiƙa bakin sama da ƙasa, ya shimfiɗa a wuri mai santsi har ta bushe ta yi tauri.

Ƙa'idarsa ita ce a ja kyamara baya a nuna mutum tun daga kai har ƙafa, kuma kada a yanke hoto a tsakiyar kasada, don mai kallo ya tabbata abin ya faru. Wannan ƙa'ida ta ci jikinsa. Ya karya idon sawu a kan matakala mai tafiya da kanta lokacin ɗaukar The Electric House. A Three Ages na 1923 ya yi tsalle daga rufin wani gini zuwa wani, hannunsa ya kasa riƙe bakin bangon ya faɗa raga. Da ya warke bai sake ɗauka ba, ya bar faɗuwar a ciki ya gina sabuwar dabara a kanta. A Our Hospitality wayar da ke riƙe da shi a kogi ta tsinke, ruwa ya tafi da shi, mai kyamara ya ci gaba da juyawa domin umarnin da aka ba shi ke nan. Mafi muni shi ne na Sherlock Jr., inda ya kama igiyar bututun da ke shayar da jirgin ƙasa. Ba su ƙiyasta ƙarfin ruwan daidai ba, ya make shi ƙasa, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen dogo. Ya tashi ya ƙarasa fitowar, ya yi ta fama da ciwon kai. Sai bayan shekaru likita ya ɗauki hoton ƙashi ya gaya masa cewa wuyansa ya taɓa karyewa.

The General na 1926 shi ne ƙololuwar aikinsa, kuma daga shi matsala ta fara. Labarin ya samo asali daga satar wani kan jirgin ƙasa da aka yi a 1862 lokacin yaƙin basasar Amurka. An ɗauke shi a Cottage Grove, jihar Oregon, inda akwai layukan dogo na masu sarar katako da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, abin da ya ba su damar ɗora kyamara a layi ɗaya tana bin jirgi a ɗayan. Injinan da itace ake hura su, tartsatsinsu ya tayar da gobara a daji, aka dakatar da aiki har hayaƙi ya washe. Sojojin jihar kusan 500 suka fito, su sa kakin ɓangare ɗaya su wuce, su sauya su dawo a matsayin ɗayan. Sannan aka gina gada a kan kogin Row, aka cinna mata wuta, aka turo kan jirgi na gaske ya rufta da ita cikin ruwa. Wannan ɗauka ɗaya ta ci dala 42,000, kuma ƙarfen ya zauna a kogin har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Masu sharhi suka kushe fim ɗin, bai dawo da abin da ake fata ba. Steamboat Bill, Jr. ma bai yi kasuwa ba.

A nan wani gibi ya bayyana: kamfanin yana ɗauke da sunan Keaton, amma hannun jarin na Schenck ne da abokansa. Albashi da kason riba yake karɓa, fina-finan ba mallakarsa ba ne. Da Schenck ya yanke shawarar rufe wurin a 1928, sai ya tura shi babban kamfanin fina-finai na MGM. Takwarorinsa 'yan barkwanci Charlie Chaplin da Harold Lloyd, waɗanda kowannensu ke riƙe da fina-finansa, sun gargaɗe shi, bai ji ba, daga baya ya ce bai taɓa kuskuren da ya kai wannan ba.

MGM masana'anta ce. Labari sai an rubuta an amince, kowane kaya sai an cike takarda, kowace rana tana da kasafinta. An rarraba mutanensa zuwa wasu sassa. An fara kawo masu tsaya masa a wuraren kasada, tunda yanzu kadara ce mai tsada. Fim ɗinsa na farko a can, The Cameraman, ya yi kyau domin ya yi gardama har aka bar shi ya ƙirƙiri wasu wurare a fili. Game da magana kuwa, shi ne ma ya roƙa a yi Spite Marriage na 1929 da sauti aka hana shi. Muryarsa mai kauri ce, ba ta da aibu. Abin da ya so shi ne a yi magana inda ake buƙata kawai, a bar sauran ga motsi. Sai aka cika bakinsa da zantukan ban dariya na marubuta, aka mai da shi wawa marar wayo, alhali mutumin da ya saba fitowa a matsayinsa mai tunani ne da ke neman mafita. Har sa shi aka yi ya maimaita fim ɗaya da Sifaniyanci, Faransanci ko Jamusanci, yana haddace sautin da bai san ma'anarsa ba. Fina-finan sun kawo kuɗi, shi ya sa ba wanda ya saurari ƙorafinsa.

Giya ta kama shi. Aurensa da Natalie Talmadge ya mutu a 1932, ta tafi da 'ya'yansu biyu ta sauya musu suna, MGM ta sallame shi a 1933. Ya yi gajerun fina-finai masu arha, ya koma MGM yana ƙirƙira wa wasu dabaru, ciki har da ɗan barkwanci Red Skelton, a kan dala 100 a mako. Aurensa da Eleanor Norris a 1940 ya daidaita masa rayuwa. Ya yi wasa a gidan wasanni na Cirque Medrano da ke birnin Paris a 1947, talabijin ta dawo da shi idon jama'a, ya fito tare da Chaplin a Limelight na 1952. An ba shi lambar yabo ta Oscar ta girmamawa a 1960, aka tarbe shi da dogon tafi a bikin fina-finai na Venice a 1965. Ya rasu ranar 1 ga Fabrairu, 1966, da cutar dajin huhu.

Da ƙyar aikinsa ya iso gare mu, domin fim na wancan zamani sinadarinsa yana ruɓewa kuma yana kama wuta. Jarumi James Mason, wanda ya sayi tsohon gidan Keaton, ya tarar da gwangwanayen fina-finai a ɓoye a ciki, Raymond Rohauer, wani mai adana tsofaffin fina-finai, kuma ya tattara ya sake buga su. Wanda ya taso yana kallon Jackie Chan ya riga ya ga gadon Keaton, don Chan da kansa yana ambaton Keaton cikin waɗanda ya koya daga gare su. Mai son farawa ya fara da One Week, minti 20 ne da ɗoriya, sannan Sherlock Jr., sannan The General. A nemi kwafin da aka gyara. Wasu tsofaffin da ke yawo a intanet an saka su da gudun da ya wuce kima, wasu an yanke gefen hoton, kuma a fim ɗin Keaton abin dariyar sau da yawa a gefen yake tahowa.