Wasiƙa Daga Jidda: Tsohuwar Motata Da Hannayen Da Suka Riga Ni Taɓa Ta

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fatan kowa yana lafiya, mu ma nan Jidda lafiya lau, sai zafi da gumi waɗanda ba sa ɗaga wa mutum ƙafa ko da dare ya raba. Na taƙaita gaisuwa ne domin tun ranar da na sa hoton tsohuwar motata a Facebook tambayoyi uku suke ta zuwa mini babu ƙaƙƙautawa: nawa na kashe mata, me ya sa ta shafe wata bakwai a gareji, kuma ko za a iya ɗora irinta a jirgin ruwa a kawo Najeriya. Wani abokina na ƙuruciya ma cewa ya yi bai taɓa ganin wanda ya je ƙasar da ake sauya mota kamar riga ba, ya rasa abin saye sai akwalar da ta girme shi. Zan amsa duka a wuri ɗaya domin in huta da maimaitawa.

Motar Toyota Land Cruiser ce ƙirar 1978, gajeriyar nan mai ƙofa biyu da ake kira FJ40. Kamfanin ya fara ƙera wannan samfuri a 1960, ya ci gaba har zuwa 1984 lokacin da samfurin 70 ya gaje shi, wanda shi ne har gobe ake gani a hannun masu raƙuma, kuma Larabawan nan suke kiran mai buɗaɗɗen baya daga cikinsa da suna shas. Dangantakar mutanen ƙasar nan da wannan mota tsohuwa ce, domin tun 1955 gidan Abdul Latif Jameel ya fara shigo da motocin Toyota, kuma da motocin shiga daji guda huɗu ya fara. Injin tawa shi ne 2F, mai silinda shida a jere, lita 4.2, mai shan fetur ta kafireto. Ba shi da bel ko sarƙar taimin da za su tsinke, haƙoran ƙarfe ne suke juya juna, kuma duk abin da ke cikinsa bakanike mai sufana da haƙuri zai iya kwance shi ya mayar. Abin da ya ja ni gare ta ke nan.

Abin da ban lissafa ba shi ne yawan hannayen da suka riga ni taɓa ta. Ranar da na kai ta sina'iyya, wato unguwar garejoji, wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka, wanda kowa a layin yake kira mu'allim, ya shiga ƙarƙashinta da tocila ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya fito sai na ce, “Baba, tsufa ya ci ta ko?” Ya goge hannu ya ce, “Ɗana, shekaru ba su yi mata komai ba, masu dabara ne suka yi mata.” A lokacin na ɗauka irin maganar makanikai ce ta kushe aikin wanda ya gabace su, wadda kun san ta a gida, amma kafin mako ya zagayo na gane cewa sassauta mini ma ya yi.

Mai ita na baya yana son ta yi tsayi ta yi kwarjini, saboda haka ya cire tayoyinta na asali masu kimanin inci 31 ya sa masu inci 35. Da tayoyin suka fara gugar bodi, sai ya sa aka ƙera masa dogayen ƙarafan da ke riƙe da bakin sifirin, waɗanda ake kira shakul, da waldar hannu. Mai wannan aikin bai san cewa ƙarin inci biyu a shakul tsayin inci ɗaya kacal yake ba mota ba, kuma a wannan samfuri yana karkata aksul na gaba har sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Shi ya sa motar take yawo a kan titi kamar akuyar da ta tsinke igiya. Manyan tayoyin kuma sun ɗora wa mahaɗin Birfield da ke cikin gwiwar ƙafar gaba nauyin da ba a yi shi dominsa ba, oyal sil na ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris yana tsiyaya har cikin durom ɗin birki na dama. Ga kuma agogon gudu, wanda idan ya nuna 80 motar tana kan kusan 90 ne, a garin da kyamarorin Saher, masu kama masu gudun wuce ƙa'ida, ba sa gyangyaɗi. Sha'awa ɗaya ce ta haifi waɗannan duka, kuma kowane gyara da aka yi domin rufe na baya sai ya buɗe wata ƙofar. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa.

Wajen sanyaya inji kuwa na ji kunya, domin abin da na tarar shi ne ainihin abin da ni kaina na sha sa a yi wa motocina a Kano. An cire tamostat an jefar, a bisa imanin da muka taso da shi cewa kayan ƙasashen sanyi ne. An cire murfin da ke kewaye da fanka domin hannu ya riƙa shiga da sauƙi. Lagireto kuma ruwan famfo aka riƙa ɗura masa har cikinsa ya koma kalar kunun kanwa. Dattijon ya nuna mini cewa in babu wannan murfi fanka tana jan iska ne daga gefe maimakon ta jawo ta ta cikin lagireto, shi ya sa motar take tafasa a cunkoso amma ta yi sanyi a kan babban titi. In babu tamostat kuma inji yana daɗewa bai kai zafin da ya kamata ya yi aiki a kai ba, sai ya ƙara shan mai ya ƙara cin kansa. Idan injin da ke aiki a zafin Jidda yana bukatar tamostat, ban ga dalilin da zai sa na Katsina ko Maiduguri ya fi ƙarfinsa ba. Wayoyin wuta ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba; ya isa in ce mun sami fiyus uku da aka maye gurbinsu da zaren waya, mai riwaya ya zare komai ya sake shimfiɗawa.

Duk wannan bai ci wata biyu ba. Sauran wata biyar ɗin takarda ce ta cinye su, kuma laifin nawa ne kafin ya zama na kowa. A nan ba a mayar da mota sunan sabon mai ita sai tana da inshora, da istimara mai rai, wato katin rajistarta, da kuma shaidar fahas, wato gwajin lafiyar mota da ake yi wa tsofaffin motoci duk shekara. Fahas ɗin wannan mota ya daɗe da ƙarewa. Ni kuwa, da halinmu na yarda da baki, sai na biya kuɗi a kan cewa zan gyara ta in kai ta gwaji, sannan mu yi canjin suna ta Absher, manhajar gwamnati. Ma'anar wannan ita ce na yi wata bakwai ina zuba gumina a cikin motar da a idon hukuma ta wani ce, kuma duk wata bukata da za a shigar sai ta fito daga wayarsa. Mutumin ba mugu ba ne, amma mai raƙuma ne, yakan yi mako biyu a inda babu sabis.

Da farko mai fanel bita ya ƙi taɓa wata lotsawa da ke gefen hagu sai na kawo masa izinin gyara, wanda suke kira waraƙat islah. Na yi masa magiya irin ta gida, na ce tsohuwar lotsawa ce wadda ta girmi 'ya'yana, ya ce ko ta girmi kakansa ba zai sa guduma ba. Hikimar dokar ita ce kada wanda ya buge mutum ya gudu ya sami inda zai ɓoye shaida cikin dare, kuma da na tuna yadda a wurinmu ake daidaita gaban mota a fente shi kafin gari ya waye ba tare da an tambayi komai ba, sai bakina ya mutu. Na jira mai raƙuma kwana goma sha ɗaya.

Sai batun launi. Istimara ta ce motar fara ce, abin da ke tsaye a gabana kuwa kore ne shar, domin wani daga cikin masu ita ya fente ta bai nemi izini ba, alhali sauya launin mota a nan sai da amincewar hukumar kula da zirga-zirga. Zaɓi biyu ne ya rage: ko a bi layin neman gyara takarda, ko a mayar da motar yadda takarda ta san ta. Na zaɓi na biyu, ban yi nadama ba, domin da aka kankare fentin ne muka ga kaurin filar da aka shafe ƙasan ƙofofi da ita, a ƙarƙashinta kuma tsatsa ta cinye ƙarfe har yatsa yana shiga. Iskar Jidda gishirin Bahar Maliya ne da laima, ba ta yi wa ƙarfe adalci, saboda haka wanda ya san kan abin yakan nemi motar da ta yi rayuwarta a Riyad ko Ƙasim inda iska take a bushe. Ni bayan na saya aka gaya mini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lambar shasi. A wannan mota an buga ta ne a jikin ƙarfen shasi ta gaba, gefen dama, kuma daidai wurin wani gwani ya liƙa ƙafar wata ƙatuwar bamba da walda, ya rufe lambobi biyu na ƙarshe. Mota wadda ba a iya karanta lambarta ba ta da bambanci da ta sata har sai an tabbatar da akasin haka. Dattijon ya hana yaransa kusantar wurin da injin gurza, ya zauna da kansa yini guda da ƙaramar kurfi da zarto yana ɓamɓarar waldar a hankali, domin in aka goge lamba ɗaya an shiga wata shari'ar da ba a san ranar fita ba. Da lambobin suka bayyana suka dace da na kati, sai da na yi sujada a kan simintin garejin. Tun daga ranar, duk wanda ya ce in raka shi ganin mota, ba na sauraron ƙarar inji sai na durƙusa na karanta shasi na gwada da takarda, kuma da a Kano nake haka zan yi.

Gwajin farko ta faɗi. A wurin gwajin ba a kallon fuskar mai mota. Na'ura ce take juya tayoyi ta auna ƙarfin kamun kowace ƙafa, wata ta auna hayaƙin salansa, wani ma'aikaci kuma ya duba ƙarƙashi yana neman ɗigon mai. Birkin gaba na dama bai kai na hagu ba, saboda mun wanke takalman birkin da mai ya jiƙa maimakon mu sauya su, rowar da ta ja mini kuɗin satha, wato motar ɗaukar mota, zuwa da dawowa. A karo na biyu ta wuce, aka yi canjin suna cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Kayan gyara a tashlih muka samo mafi yawansu, wato maƙabartar motoci, wadda ita ce Ƙofar Ruwa ko Panteka ta nan, sai dai fili ne mai faɗi inda za ka ga motar da kanta a cire maka abin a gabanka. Sifirin da shakul na asali daga can suka fito. Oyal sil, da kayan birki, da tamostat kuwa sababbi na saya, domin roba da ta kwana shekara arba'in a rana ba ta da sauran amfani ko da ba a taɓa ɗaura ta ba. Haka ma taya: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, kuma su nake fara dubawa kafin zanen.

Abin da na ƙara mata na kaina kaɗan ne, kuma kowanne da noti aka ɗaura shi, ba da walda ba, domin wanda zai gaje ni ya iya kwancewa ba tare da ya zage ni ba. Na sa kujerun gaba masu bel, da mazaunin jarka biyu na ruwa a baya, da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, saboda a rairayi sai an rage iskar taya sannan a mayar idan an hau kwalta. Na sayi littafi na rubuta duk abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi, yana cikin aljihun gaban motar. Na so in sa mata na'urar sanyaya ɗaki, dattijon ya ce in bari lagireto ya ga bazara ɗaya tukuna.

Juma'ar da ta wuce muka hau da ita Ɗa'if ta hanyar Hada, inda titi yake nannaɗe dutse har a kai tsayin da ya haura mita 1,800. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya tun daga ƙasa har sama, a gangarowa kuma na riƙe ta a giya ta biyu kamar yadda aka umarce ni, domin birkin durom ba ya son a dogara da shi a doguwar gangara.

Game da kuɗi, na daina tarawa tun a wata na huɗu domin zaman lafiyar gidana, abin da zan iya cewa shi ne gyaran ya haura kuɗin sayen. Batun kawo irinta gida kuwa, kwastam suna da iyakar shekarun tsohuwar motar da ake shigowa da ita, kuma 'yar 1978 ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, saboda haka mai sha'awa gara ya leƙa bayan tsofaffin ma'aikatun gona da gidajen dagatai, inda na tabbata akwai waɗanda kaji suke ƙwai a cikinsu. Idan wani ya ci karo da murfin aljihun gaba na wannan samfuri a Ƙofar Ruwa, mai ɗauke da zanen yadda ake sa giya, ya saya mini ya ba wa mai zuwa Umara, zan biya. Nawa wani ya huda shi ya sa rediyo.

Wassalam, ɗan'uwanku a Jidda.