Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Sautin Bawul a Jitar Bes

A makon jiya na tsaya ne a lokacin da ƙungiyarmu ta fara samun gayyata zuwa manyan ɗakunan taro a Kaduna da Jos, inda injiniyan sauti ba ya yarda a kafa makirfo a gaban sifikata, sai dai ya miƙo mini waya guda ya ce in shiga mikisa kai tsaye. Dalilinsa mai ƙarfi ne, domin makirfon da ke kusa da ganguna yakan kwashi ƙarar kowa ya zuba a layin bes. Amma abin da ke fitowa daga manyan sifikun ɗakin bai yi kama da abin da kunnena ya saba da shi ba: sauti ne siriri, busasshe, ana jin ƙarar tsirkiya tana bugun ƙarfen wuyan jita fiye da yadda ake jin kiɗan kansa.

Sautin da nake nema na san shi tun ina yaron situdiyo, a wurin maigidana wanda ya koya mini sana'a. Yana da wata tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai bawul, ɗan kwalban gilashin da ke yin wannan aiki a cikin tsofaffin na'urori, wadda sai an kunna ta an jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana, kuma idan ta yi, sautinta yakan fito da kauri da taushi, ya cika ɗaki ba tare da ya soki kunne ba. Daga baya na fahimci cewa masu wannan sana'a a duniya suna auna irin wannan sauti da na'urori biyu na kamfanin Ampeg na Amurka: ƙaramar B-15 da ta fito a 1960, wadda ta zama abar ƙauna a situdiyo, da babbar SVT ta 1969 mai ƙarfin wat 300. Kan SVT kaɗai ya kusa kilo 40, ban da akwatinta mai sifika 8. Ko da ina da kuɗinta, ba kayan da zan riƙa ɗorawa a Keke Napep ba ne daga wannan biki zuwa wancan, kuma ba zan so in haɗa ta da janaretan da wutarsa ke hawa da sauka ba.

Sai da na zauna da maigidana ya warware mini abin da bawul ke yi. Tsirkiya mafi kauri a jita mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, kuma ƙananan sifiku, balle wayar hannu, ba sa iya fitar da sauti mai zurfi haka. Idan aka ɗan matsa wa bawul, sai ya haifi wasu sautuka a saman na asali, a 82 da 123 da abin da ya yi sama, waɗanda ƙaramar sifika ke iya fitarwa, kunne kuma ya cike sauran da kansa. Aikinsu kamar na daddawa ne a miya, ba a ganinta amma da ita miyar ke tsayuwa. Na biyu, bawul ba ya yanke sauti farat ɗaya idan an buga da ƙarfi, lanƙwasa shi yake yi a hankali, shi ya sa bugu mai ƙarfi da mai sanyi suke kusantar juna. Na uku kuwa, wanda mutane suka fi mantawa, sifikar bes da kanta takan zubar da yawancin abin da ya haura kaɗawa 5,000, wato yankin da ƙarar ƙarfe ke zaune. Wanda ya shiga mikisa kai tsaye ya rasa dukkan ukun a lokaci guda.

Akwatin DI, wanda ta cikinsa ake shiga mikisa kai tsaye, shi kaɗai ba a yi shi domin ya mayar da waɗannan abubuwa ba. Aikinsa shi ne ya karɓi siginar jita, wadda ba ta da ƙarfi kuma ba ta jure doguwar waya, ya mayar da ita irin ta makirfo mai layi uku, wadda za ta yi tafiyar mita 30 ko fiye zuwa mikisa ba ta kwaso hayaniya ba. Akwai mai taransifoma zalla wanda ba ya buƙatar wuta, akwai kuma mai aiki da batir ko da wutar bolt 48 da mikisa ke turowa ta cikin wayar makirfo. Wanda aka fara ba ni a ɗakunan taro mai taransifoma ne, ni kuwa jitata irin ta Precision ce marar batir, kuma a nan matsalar take. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya a irin wannan jita suna son abin da za su shiga ya kasance mai babbar turjiya, wajen om miliyan 1, kamar yadda ƙofar amfilifaya take. Akwati mai taransifoma, ko da mai kyau ne irin Radial JDI na Kanada mai taransifomar Jensen, turjiyarsa ba ta wuce wajen om 140,000 ba, saboda haka yakan ɗan danne muryar jitar. Maigidana ya ce mini, “Ɗana, riƙe wannan: jita marar batir, akwati mai wuta, jita mai batir, akwati marar wuta.” Na ce, “To, Baba, idan na bi wannan zan sami sautin amfilifayarka?” Ya ce zan sami sautin jitata ne tsaf, sauran kuma aikin firiyam ne.

Na gwada akwatin DI mai wuta, Countryman Type 85, a situdiyon wani abokin sana'a, na tabbatar da maganarsa. Muryar jitar ta buɗe, kowace tsirkiya ta fito sarai, amma kaurin da nake nema bai zo ba.

Firiyam ita ce na'urar da ke karɓar sigina tun tana ƙarama ta ba ta launi kafin ta wuce gaba, kuma da yawa daga cikin na zamani suna haɗe da DI a akwati ɗaya. Wadda na fi daɗewa ina juyawa ita ce SansAmp Bass Driver ta kamfanin Tech 21 da ke Amurka, wadda ta fito a 1994. Babu bawul ko ɗaya a cikinta, amma an tsara ta ne domin ta kwaikwayi amfilifaya mai bawul tare da sifikarta, kuma tana aiki da batir mai bolt 9 ko da wutar mikisa. A ranar farko, ni kaɗai a ɗaki, na ji kamar na gama bincike. Da muka haɗu da mai ganguna da mai fiyano sai bes ta nutse, ana jin nauyinta a ƙirji amma ba a rarrabe abin da nake bugawa. Dalili shi ne wannan na'ura tana rage tsakiyar sauti, kuma a tsakiyar ne kunne ke kama waƙar bes. Maganin yana jikinta: akwai wani makunni da ke gauraya sautin jita na asali da wanda aka sarrafa, kuma da na mayar da shi wajen rabi, na rage zurfi da kaifi kaɗan, sai tsakiyar ta dawo. A sabon samfurinta kamfanin ya ƙara makunni na musamman domin tsakiyar sauti, kuma a ganina duk mai saye yau wannan ya kamata ya nema.

Ban bar batun bawul na gaske ba. A kasuwa akwai ƙananan akwatuna masu araha da ake sa wa bawul 12AX7 guda ɗaya a bayan 'yar taga domin mai saye ya gani, alhali wasunsu ba sa ba shi wutar da ta wuce bolt goma sha wani abu. Wannan bawul a cikin amfilifaya yana aiki ne da bolt ɗari biyu ko sama da haka, kuma idan aka hana shi abincinsa, abin da yake bayarwa ya fi kama da ƙazamar ƙara fiye da taushin da ake nema. Saboda haka tambayata ta farko ga mai sayarwa ita ce nawa ne ƙarfin wutar da ke isa bawul ɗin, kafin in tambayi kuɗi. Waɗanda aka yi da gaske, irin REDDI ta kamfanin A-Designs wadda aka ƙera da B-15 a zuciya, suna da nauyi da tsada kuma dole sai an haɗa su da wutar bango. Na yi rikodin da irinta, kuma har yau ban ji abin da ya fi ta daɗi a kunnena ba, amma wurinta situdiyo ne mai tsayayyar wuta, ba filin biki mai ƙura da janareta ba.

Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin cewa James Jamerson, mai buga bes ɗan Amurka wanda ake ambata duk lokacin da aka zo maganar wannan sauti, a situdiyon kamfanin waƙa na Motown da ke Ditroit yawanci kai tsaye ake haɗa jitarsa. Tsirkiyoyinsa masu santsi ne, tsofaffi, kuma akwai soso a ƙarƙashin murfin gadar jitar da ke rage tsawon amo. Na sayi irin waɗannan tsirkiyoyi, na yanko soso na cusa a gindin gada, sai na tarar rabin ƙarar ƙarfen da nake ƙoƙarin kashewa da na'ura ta mutu tun daga jikin jita.

Yadda na yanke hukunci shi ne na ɗauki bugu ɗaya na bi da shi ta kowane akwati, na daidaita ƙarfinsu, domin kunne kullum yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ya ce shi ya fi daɗi. Na saurare su tare da ganguna da murya, a manyan sifiku da kuma a wayar hannu, tunda a nan yawancin mutanenmu ke jin kiɗa. Na tsaya a kan SansAmp domin dandamali, na kuma ajiye ƙaramin akwati mai taransifoma a jaka. Shi wannan na biyun ya cece ni a wani ɗaurin aure da aka haɗa amfilifayata da layin wuta ɗaya, mikisa kuma da wani, sai gunjin wuta mai kaɗawa 50 ya cika ɗaki ana saura kaɗan ango ya shigo. Na sa shi a bayan firiyam, na danna maɓallin da ke raba wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu, gunjin ya ɗauke nan take, muka buɗe da kiɗan shigowar ango.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin tafiyarmu ta farko zuwa Yamai, da yadda aka nemi in buga bes a bayan masu jitar Agadas.