Yadda nake koya wa dattawanmu harafin lodi a Makka

Bayan Magariba nake zama da wasu dattawan Hausawa a Shara Mansur muna gyaran Fatiha, kuma duk wahalarmu tana kan harafi guda, ض, wanda a makarantar allo muke kira lodi. Sau biyu yake zuwa a ayar ƙarshe. Yawancinsu sun tashi suna cewa "walal lallina", kamar yadda kakanninmu suka furta shi a alƙali da alwala da farilla.

Ba na yarda yara su yi musu dariya. Sibawaihi, malamin nahawun Larabci, ya ce harafin yana fita ne tsakanin gefen harshe da turamen haƙora, Ibnul Jazari, malamin tajwidi, ma haka ya karantar, ta hagu ko ta dama. Lam ɗin ma daga gefen harshe take, sai dai ta fi matsowa gaba. Ashe dattijon da ke cewa "lallina" maƙwabcin mafitar yake, bai yi nisa ba. Wanda ya fi ba ni aiki shi ne matashin da ya mai da shi dal mai kauri, ko ya ji wasu 'yan Najadu suna haɗa shi da ظ ya ɗauka, yana zaro kan harshe tsakanin haƙora.

Akwai wani tsohon tela da muka daɗe a kai. Nakan ce, "Baba, taɓa kumatunka na hagu, inda turamen sama suke. To, manna gefen harshe nan, ka ɗaga bayansa zuwa ganɗa." Sai ya runtse ido ya gwada, ya ce, "Malam, harshen nan ya tsufa." Abin da ya warware mana shi ne fara harafin da sukun, wato ba wasali a kansa: "aḍ", a riƙe, sautin ya miƙe a hankali daga baya zuwa gaba, wato istiɗala. Da ya samu wannan, sai muka ɗora wasali, sannan muka shiga "magḍubi".

Na lura bayani mai yawa yana ruɗa su. Su kalli bakina, su ji, su maimaita, shi ke ci. Nakan kuma ce su kasa kunne ga liman a Harami lokacin Isha, su lura da yadda yake cika baki da harafin kafin ya ja maddin.